Gayyar Gonar Laminu

Cikin duk shekarun da na yi a biro, wato ofishin kula da yara a Damagaram, ban taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na dama furar mutum talatin, mutum biyu suka zo ba.

Ku sababbin shiga kun san ƙa'ida. Yaron da juji, wato alƙali, ya damƙa wa wani gida riƙo, in ya cika sha takwas sai a rufe dosiyensa, wato takardun riƙonsa, amma sai mun ga ya tsaya da ƙafafunsa tukuna. Laminu maraya ne, tun yana shekara biyar yake hannun Malam Kyari, wani tela Babarbare a unguwar Birni. Da lokacinsa ya yi, ya ce shi gonar mahaifinsa yake so, a wani ƙauye wajen Guna. Baffansa ne ke noma ta, kuma ya saki da sharaɗi a gaban maigari: in ciyawa ta cinye gonar bana, ta koma hannunsa.

Aka yi shuka, watan bakwai ya kama, ciyawa ta taso wa yaro kamar da gayya. Mutum ɗaya, wanda bai saba da hauya ba! Ni kuwa uwar iyawa na ce wa shef ɗinmu, shugaban biron, "Ranka ya daɗe, a bar mini. Gayya zan kira." Na rubuta takarda har da tambari, na aika wa maigari.

Ranar muka zauna gindin gawo da ƙwaryar fura, har rana ta take tsaka. Tsofaffi biyu suka zo, su ma furar ta kawo su. Laminu ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ba sa so na ne." Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido, raina kuma ya ɓaci da mutanen garin.

Wata tsohuwa mai tsince itace, Iya Hajo, ta tsaya ta dube mu.

"'Yar nan, ke ce mai takardar? Gayya ai ba sammaci ba ce. Gonar wa yaron nan ya taɓa shiga?"

Na ce, "Iya, maraya ne fa."

"Mun san ubansa, ba ya fashin gayyar kowa. Ɗan ne ba mu gani ba. Gobe akwai ta gidan Malam Isa."

Kunya ta rufe ni. Na so in hana Laminu zuwa, don tasa gonar na jira, amma ya ce zai je. Ya je kuwa, ya sare gero da ciyawa tare, samari suka yi ta tsokanarsa, "Tela, nan ba almakashi ba ne!" Hannunsa ya yi kanta, ya fashe. Gayya uku ya yi cikin kwana biyar. Sannan ya bi gida gida da goro yana kiran tasa gayyar, da bakinsa, ba da tambarina ba.

Alhamis ta zagayo, ranar da ya sa, na koma ƙauyen. Tun daga nesa na ji kiɗa. Kafin azahar an gama gonar, furar ma ba ta isa ba. Har Malam Kyari ya rufe shago ya zo rabon ruwa. Can baffan ya iso, fuska a murtuke, ya miƙa wa Laminu wata tsohuwar hauya mai doguwar ƙota.

"Ta ubanka ce. Riƙe ta da kyau, ba haka ake kamawa ba."

Bayan girbi na rufe dosiyen. Abin da na koya shi ne, mu takarda da iri da kayan aiki muke iya ba yaro, amma mutane shi zai nemo su da guminsa, namu mu nuna masa ƙofa tun da wuri. Tun daga ranar ban ƙara sa hannu na sallami yaro ba sai na tambaye shi: in ka yi kira gobe, wa zai fito?