Ruwan da Yaya Ke Tafasawa

Yayata wanki da guga take yi a wani otal, shekara goma sha tara, kuma wallahi tsabtarta har haushi take ba ni. Mace ce da za ka miƙa mata kofi a wanke, ta yi godiya, ta juya ta sake wanke shi. Kullum muna faɗa a kan haka, don ni bakina ba ya shiru. Amma da ciwon huhu ya kwantar da Inna, ita ce ta ajiye aikinta, ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon.

Ruwan famfon unguwarmu ruwan zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa, bakin famfo duk farin ɓawo, ya kashe mana dutsen guga mai tururi har biyu. Butar lantarki kuwa in ka leƙa cikinta sai ka ce an shafe ta da farar ƙasa. Mun saba, muna zaginsa muna sha.

Aka sallamo Inna daga asibiti da injin da ke ba ta iska. A jikinsa akwai 'yar kwalba da ake zuba wa ruwa, iskar ta bi ta ciki tana ɓulɓul, sannan ta wuce ta siririn tiyo zuwa hancinta. In babu injin nan, Inna ba ta minti goma sai ta fara haki. Wanda ya kawo shi ya ce a riƙa zuba ruwa mai tsabta, ya tafi abinsa.

To, an faɗa wa Yaya tsabta! Sai ta cika buta ta tafasa, ta ƙara tafasawa har ruwan ya koma rabi, ta cika kwalbar da shi. Na ce mata, "Haba Yaya, miya kike dafawa?" Ta ce, "Ke dai ba ki da aiki sai surutu. Numfashin uwata ne." Wata bakwai tana haka, ba fashi.

Ranar wata Talata da hantsi injin ya fara tsuwa. Ɓulɓul ɗin ya ɗauke. Inna ta dafe ƙirji, ido waje, leɓɓanta suna duhu. Yaya ta kashe ta kunna, ta busa tiyo, ta ƙara ruwa, tana ta kiran sunan Allah. Ni kuwa na fita ko takalmi babu ina buga ƙofofin mutane kamar mahaukaciya. Tsoro irin na ranar nan ban taɓa ji ba. Sai da muka kusa rabin awa kafin wani maƙwabci ya zo da mota, Yaya ta rungumi Inna suka tafi.

Ni aka bari da injin. Na jawo mai gyaran firij na bakin titi, na ce ya duba min wannan banzan abu. Ya cire kwalbar, sai ga iska tana fita fes. Ya nuna min bakin bututun da ke cikin kwalbar, ya toshe da farin ɓawo kamar dutse.

Ya ce, "Baiwar Allah, wane ruwa kuke zubawa?"

Na ce masa da gadara, tafasasshe, sau biyu ma.

Ya girgiza kai. "Ai tafasa ƙwayar cuta take kashewa, ba ta raba ruwan nan da zartsinsa. In ya ƙone ya koma rabi, abin da ya rage ya fi kauri, ga ɓawon buta yana bi. Akwai tataccen ruwa a kantin magani, shi ake sa wa. Injin lafiyarsa lau. Da kun cire kwalbar kun haɗa tiyon kai tsaye, da iska ta wuce."

Na zauna a ƙasa. Na roƙe shi don girman Allah kada ya faɗa wa kowa.

Inna ta yi kwana uku a asibiti ta cika. Likita ya ce huhun da ma ya gaji. Ko rabin awar nan ce ta ƙarasa ta, ko lokaci ne kawai, Allah masani.

Bayan an watse daga zaman makoki, na tarar da Yaya a ɗakin Inna tana goge injin da tsumma. Ta rame, idanu sun kumbura. Ta ce, "Ƙanwata, ke shaida ce. Ko sau ɗaya ban taɓa zuba mata ruwan da ban tafasa ba. Me na rage? Gaya min, me na rage?"

Na tuna maganar mai gyaran firij. Na karɓi tsumman daga hannunta.

Na ce, "Ba ki rage komai ba, Yaya. Injin ne ba shi da kyau."