Igiyar Garib da Shuɗin Maɓalli

Rubuta, Nasma, ki daina tauna biron nan.

Wani kukun jirgi ɗan Goa ta Indiya, Pinto, shi ya fara gaya wa abokin aikina Garib zancen kalmar. Lokacin Garib na tuƙa kwalekwale a Suwes, yana kai wa jiragen da ke jiran shiga mashigin ruwan Masar lemo da huluna, ni nake riƙe masa ɗaya filafilin. Abin da ya dame shi, ma'aikatan jirgi ba su da magana sai kalmar Turancin nan "get". A miƙo igiya get, a sauka get, mutum ya fusata ma get.

Pinto ya leƙo daga sama da Larabcinsa mai gargada, ya ce, "Kalma ɗaya ce, rayyis mai kwalekwale, amma aikinta ya kai arba'in. Tara mini talatin kafin mu dawo daga Bambai, ni in cika maka sauran."

Garib bai san ko alif ba. Sai ya yanko igiyar raga, duk ma'anar da ya kama ya ƙulla mata ƙulli, ya soka abin tuni a ciki. Samun abu, ƙugiya. Isa wuri, tsakuwa. Gane magana, tsinken ashana. Tsufa kuwa, furfurar surukarsa ya tsinto a mataji. Kuma ba ya ƙullawa sai ya ji ta daga baki biyu, don ya ce matuƙi ɗaya yana iya zama mashayi.

Matarsa Fatahiyya takan kira shi da sunan ɗansu, ta ce, "Abu Ragab, maza na jan carbi, kai kana jan tarkace!"

Ya ce, "Ke ai kin huta, Ummu Ragab. Kalmarki ɗaya ce, a'a, aikinta ma ɗaya."

Yana da ƙulli ashirin da shida yaƙi ya zo, aka rufe mashigi, aka kwashe mu zuwa garin Zagazig. Shekaru ba jirgi, ba Turanci. Kullum in ya gama cin wakensa na safe sai ya bi igiyar da yatsa, ƙulli bayan ƙulli, kada ɗaya ta zame masa. Bayan mun dawo ne ya kai ƙulli talatin da ɗaya. Duk jirgin da ya fito daga gabas sai ya tambayi labarin Pinto. Ba wanda ya san shi.

Bara, da ciwo ya kwantar da shi, ya ce in zauna ya juye mini igiyar a ka, kada ta koma tarkacen da matarsa ke faɗa. Talatin ya ba ni tsaf, su ne zan karanto miki bayan la'asar. Da ya zo kan ƙullin da ke da shuɗin maɓalli, ya juya shi, ya juya, ya yi dariya har da tari.

"Ma'anar wannan ta gudu mini, Abbas. Amma Fatahiyya ta sani, daga rigarta na tsinke shi."

Bayan kwana uku Allah ya yi masa cikawa.

To, bar layi ɗaya fari a nan. Ran Juma'a ki ɗauki igiyar, ki hau motar Isma'iliyya, Fatahiyya tana can gidan 'yarta. Kada ki tambaye ta zancen maɓallin sai ta sha shayi. In ta ce a'a, ki zauna.