Raka Ni Bakin Titi

Ran Litinin aka bugo mini waya cewa mahaifiyar abokina ta rasu. Har Alhamis ta sati na uku ban je gaisuwa ba. Daga gidana a Fagge zuwa gidansu a Sabon Gari, ko a ƙafa tafiyar ba ta kai rabin awa ba.

Kuma matar nan ba baƙuwata ba ce. Ibo ce, busasshen kifi da manja take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, ɗanta kuwa tun firamare bencinmu ɗaya, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Mama nake ce mata. Duk ranar da ta san zan zo, sai ta tafi takanas wajen mahauci Bahaushe ta sayo nama, ta ajiye mini kwano tana cewa, "Ɗana na Fagge, ci abinka, yankan mutanenku ne." Ina son matar nan ƙwarai.

To me ya hana ni zuwa? Abin da ya saba hana ni komai: farawa. Ni in na shiga aiki, sai an janye ni. Amma tsakanin niyya da ɗaga ƙafa akwai wani abu da ke danne ni, kamar an ɗora mini buhun gero a cinya. Na wuce shekara talatin da biyar kafin wani likita ya ce abin yana da suna, ADHD, wata matsala ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke tattara hankali da tayar da mutum ga aiki. Na ji daɗin sanin cewa ba lalaci ba ne, amma sanin sunan bai taɓa sa mini takalmi ba.

Ranar farko na goge farar riga na rataye. Na zauna bakin gado da hula a hannu, sai idona ya faɗa kan fanka, na ga ƙura ta yi mata yawa. Kafin magariba na kwance ta gaba ɗaya na wanke. Washegari na ce bari in fara tura saƙo. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, na ga ai Mama ta fi ƙarfin saƙon waya. Da aka kwana bakwai kuma sai kunya ta shigo, don yanzu ba gaisuwa kaɗai zan kai ba, har da bayani. Kullum aka ƙara kwana, nauyin ƙaruwa yake.

Su ba sa binne mamaci a ranar kamar mu, sai an shirya a kai shi garinsu. Na ji labarin ran Juma'a da sassafe za su ɗauke ta su tafi kudu, kuma abokina zai daɗe a can. Na san in motar nan ta tashi ban je ba, ko ya dawo ba ni da idon da zan kalle shi. Duk da haka Alhamis ta same ni a bakin gado, ina jin haushin kaina kamar in mari fuskata.

Bayan la'asar sai ga Yaya, babbar yayata, wadda ta goye ni ina jariri kuma har gobe ba ta bari in manta. Ta zauna, ta sha ruwa, ta kushe labulena. Ta kalli rigar da ke rataye, ta kalle ni. Can ta ja mayafi ta miƙe.

"Taso ka raka ni bakin titi."

Wa zai ƙi raka yayarsa? Na miƙe ban ma yi tunani ba.

"Da singileti za ka raka ni, mutane su ce ƙanina ya zare? Zura waccan."

Na zura rigar, na sa takalmi. A bakin titi Adaidaita Sahu ya tsaya, ta ce kiɗansa ya yi yawa. Na biyu ta ce tayarsa ba ta yi mata ba. Na uku ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mu ɗan taɓa gaba, ƙafata tana son motsi."

Yaya da ke kukan gwiwa ko da yaushe, ita ce yau ƙafarta ke son motsi. Muna tafe tana ba ni labarin wata maƙwabciyarta da akuyarta ta cinye mata zogale. Sai da na fara jin ƙanshin manja da hayaniyar kasuwa na farga cewa gidanta ba ta nan yake ba. Na ja na tsaya, raina a ɓace.

"Yaya, wai ni yaro ne?"

"Wa ya ce? Ni dai rakiya na roƙa." Ta gyara mayafi. "Kai tun kana ƙarami ba a ce maka je ka. Sai dai a ce zo mu je. Likitanka ya gaya maka wannan?"

Dariya ta so kama ni, ƙwalla ta riga ta. Na ce mata ban san me zan ce wa abokina ba.

"Abin da ake cewa. Ba sabon abu za ka ƙirƙiro ba. Ni na zo gaisuwa tun satin farko, ban kare ka ba, ban kuma zage ka ba, ko da yake ka ci a zage ka."

A bakin layinsu ta tsaya wajen mai gyaɗa, ta juya mini baya, wai ciniki take. Na san ba za ta motsa ba sai ta ga shigata.

Tsakar gidan cike da kaya, ana ta ɗaure jakunkuna. Abokina yana durƙushe gaban wani tsohon akwatin ƙarfe na Mama. Ya rame. Ya ɗago ya gan ni, bai yi murmushi ba.

"Sai yau?"

"Sai yau. Ba ni da hujja. Ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana."

Ya ce, "Sati uku, duk wanda ya turo ƙofar nan sai na ɗaga kai."

Bai ce ya yafe ba. Ya miƙe, ya kama hannun akwatin ɗaya, ya nuna mini ɗayan da haɓa.

"Kama mini nan. Ban yarda kowa ya taɓa shi ba."

Na kama. Muka ɗauka muka nufi mota, shi a gaba ni a baya. Ina ganin kafaɗarsa tana rawa, ni ma hawaye na zubo mini, kuma ba wanda ya ce a sauke a huta.