Wa Zai Amsa wa Babba Bana?

Innalillahi. Da safen nan aka kira ni daga Tasawa: Mushe Abdu ya rasu. Mushe, haka muke kiran malamin boko a nan.

Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi.

Masu tambayar gida: ni da sauƙi, sai gwiwa. Jikoki lafiya lau. Babba ne dai, ɗana na fari, yana nan yadda kuka san shi. Ban gaya masa ba tukuna.

Zamanin da gujiya ke da daraja, Mushe Abdu ne malamin su Babba a lakwal, makarantar boko ta Kanan-Bakashe. Wata rana ya shiga aji da gujiya cike da hannu, ya watsa ta a ƙasa. Ya ce masu ilimi sun ce haka Allah Ya fara duniya: komai a dunƙule, ya fashe, taurari suka watsu.

Babba ya ɗaga hannu. "Mushe, za ta sake fashewa?"

Ya ce masa sai gobe.

Kafin goben, sanƙarau ya kama Babba. Ya tashi, amma hankalinsa ya tsaya a kan wannan tambaya. Yau ya yi furfura, ita yake yi. Da an yi tsawar farko ta damina sai ya toshe kunne, ya shige ƙarƙashin rumbu, ya daina cin abinci. Wata shekara saura kaɗan mu rasa shi.

Ba wanda ya aiki Mushe. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ga shi, da can a keke, daga baya a babur. Ya zauna bakin rumbu, ya watsa gujiya a tabarma.

"Duba da kyau. Sun koma wuri ɗaya da kansu?"

"A'a, Mushe."

"To ba bana ba. Tashi ka ci tuwo."

Sai ya ci.

Na sha roƙon Mushe: "Don Allah ka ce masa har abada, mu huta." Ya ce, "Inna, abin da ban sani ba ba zan faɗa wa ɗalibina ba. Wasu sun ce za ta tattaru ta sake, wasu sun ce a'a. Allah ne masani."

Bara ya zo, jikansa na riƙe da shi. Bayan Babba ya ci, na tambayi Mushe da kaina. Ya ce yanzu galibin masu ilimi sun fi zaton za ta yi ta watsuwa ne, har taurari su mutu ɗaya bayan ɗaya, sai duhu da sanyi.

Na ce, "Ai wannan ya fi muni."

Ya yi dariya. "Shi ya sa ke na gaya wa."

Na taɓa gwada watsa gujiyar da hannuna. Babba ya dube ni ya ce, "Ke ba Mushe ba ce."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Jiya Babba ya share bakin rumbu, ya shimfiɗa tabarma.

Ɗaliban Mushe Abdu, ina roƙonku. In akwai malami a cikinku da zai iya zuwa, ya amsa mini a nan kafin Juma'a. Gujiya akwai.

Allah Ya jiƙan Mushe, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da abin da ya yi mana. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya haɗa da Babba.