Man Hancin Mai Katifa

A benen da suke haya ba mai kiranta da sunanta, Mai Gwangwani ake ce mata. Duk ɗan gwangwanin da aka yar sai ta tsince, ta wanke, ta kife a bakin taga. Maƙwabta na mata dariya, amma da mura ta kama yaransu, hanci ya yi ja ya tsattsage don yawan fyacewa, ƙofarta suke fara bugawa, ko kunya babu, neman man hancin da take haɗawa ta zuba a gwangwanayen.

Ba wanda ya koya mata haɗa man. Ƙuruciyarta a wankin kwanuka ta ƙare, bayan wani gidan abinci, har sabulu ya cinye mata hannu, ta yi ta gwada haɗin mai a hannun sai da ta dace. Takan ɗora ruwa a tukunya, ta aza kwano a kai, ta kankare kakin zuma a ciki, ta zuba man kwakwa da ɗan man zaitun. In ya narke ta ɗiga a bayan cokali. Idan ya kama, ba tauri ba ruwa, to ya yi. Ba ta sa turare, wai hanci mai ciwo ba ya son iyayi.

Mijinta mai katifa ne. Shekara da shekaru yana bugun auduga a shagon da ba taga, yana shaƙar abin da yake bugawa, har huhun ya ce ya gaji. Aka sallamo shi daga asibiti da tukunyar iskar numfashi da wata siririyar roba da ake zura masa a hanci. Likita bai ɓoye musu ba, warkewa kam babu, sauƙi kawai ake nema masa.

Robar nan ta yi ta gugar hancin har ya fashe, yana tsattsafo da jini. Huhu ya fi ƙarfinta, amma hanci ai aikinta ne. Ta haɗa man da ba ta taɓa haɗa irinsa ba, tana shafa masa da ƙaramin yatsa safe da yamma.

"Da na san sai na kwanta za ki riƙa lallaɓa ni haka," in ji shi yana haki, "da tuni na kwanta."

"Kai dai bakin nan naka lafiyarsa lau."

Abin da ya rage mata ke nan a duniya da za ta iya yi masa, kuma ta riƙe shi da hannu biyu.

Sai ranar da nas ta zo duba shi, ta ga gwangwanin kusa da tukunyar iskar.

"Mama, wannan kike shafa masa?"

"Shi ne, 'yata. Ni na haɗa da hannuna."

"Ki yi haƙuri, ki daina. Mai da iskar nan ba sa haɗuwa. Wuta na iya tashi a fuskarsa."

Da ma nas ɗin ta yi mata tsawa, da ta samu wanda za ta ji haushi. Amma yarinyar cikin ladabi ta faɗa, har da riƙe mata hannu, ta bar mata wani magani mai kamar ruwa. Ana shafawa yake bushewa. Kafin mako ya zagayo hancin ya koma gidan jiya, barkwancin ma ya ɗauke.

Wata rana da hantsi ya kira ta.

"Uwar yara, rufe iskar nan, ki cire robar, ki shafa mini naki."

"Ka san ba ka iya zama babu ita."

"Da ita ɗin ma zaman nawa ya rage?"

Ta murɗa ta rufe, ta zare robar, ta shafa masa a hankali. Ya lumshe ido. Ita kuwa ba ta jin komai sai numfashinsa yana gajercewa, tana kallon leɓensa na sauya kala. Da tsoro ya ci ƙarfinta ta ɗauko ruwan ɗumi da sabulu, ta goge man tas, gugar ta sake buɗe ciwon, sannan ta mayar da robar, ta buɗe iskar.

Ya daɗe kafin ya iya magana.

"Ya yi daɗi," ya ce.

Ta fita wanke tsumman tana kuka, don ta san gobe ma zai roƙe ta, kuma ta san ba za ta iya hana shi ba.