Babana da lissafin jirgin Jidda

Shekara bakwai ke nan da rasuwar babana, Malam Buba mahauci, kuma har yau in na zauna a filin jirgi ina jiran a kira mu, shi ne ke faɗo mini a rai.

Baba sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin sama, shekarar da ya sauke farali. Daga garinmu Garwa, a ƙasar Kamaru, suka tashi bayan karin kumallo, kafin rana ta faɗi suna Jidda. Tun daga ranar ya gama auna duniya: duk inda jirgi ke zuwa, tafiyar wuni ɗaya ce. Da na samu aikin jinya a Montreal, can ƙasar Kanada, abokan sana'arsa a mahauta suka yi ta jajanta masa nisan wurin. Shi ko a jikinsa. "Ai jirgi ne," in ji shi. "Ta tashi da hantsi, ta yi la'asar da mu." Na sha gaya masa a waya cewa sai na yi wajen awa bakwai zuwa Paris, in yi zaman jira, in ƙara kusan haka zuwa Duwala, sannan in nemi na Garwa, wanda ba kullum yake tashi ba. Sai ya yi dariya ya ce 'yan boko dai da jan magana.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya hana a sanar da ni. Wai kada a ɗaga wa Hadiza hankali, in abu ya yi tsanani a kira ta, yanzu za ta iso. Kwana tara suna bin umarninsa. A rana ta goma ƙanena Hamadu ya kira ni.

Ina zaune a filin jirgin Paris, ƙafafuna sun kumbura, sai Baffa Sale, ƙanin Baba, ya bugo. Ya ce rai ya yi halinsa, an yi wanka, jama'a sun cika ƙofar gida. "'Yata, mu jira ki?" Na san zafin Garwa, na kuma san ba a ajiye gawar Musulmi don matafiyi. Da bakina na ce su kai shi makwancinsa. A Duwala ban samu jirgi ba. Na bi mota zuwa Yawunde, jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, wata motar kuma zuwa gida. Ranar sadakar uku na shigo.

Da yana raye yau, ya ga yadda nake ganin fuskar Inna a waya kowace Juma'a, na san abin da zai ce: ga ki nan a tafin hannuna, ina nisan? Kuma ba zan iya ja da shi ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, tausayina ne ya sa ya ɓoye. Amma na yi fushi, na daɗe ina fushi, sai bana na iya rubuta shi.

Abin da ya bar mana ba dukiya ba ce. Hali ne na rashin son ɗora wa kowa nauyi, kuma Inna ta kwashe shi kaf. Shi ya sa na kafa wa Hamadu doka: ko zazzaɓi ta yi, ya kira ni, kada ya nemi izininta. Sau biyu ke nan ina cinye kwana uku a hanya, in iso jiki duk ya mutu, in tarar da ita a tsakar gida tana tsintar shinkafa, tana yi mini faɗan wa ya ce in zo.

Na gaji, wallahi na gaji da hanyar nan. Amma in Hamadu ya kira gobe, zan ɗauki jakata, ina roƙon Allah in sake shan faɗan.