Layin da Malam Hammadu Ya Bari Babu Rubutu

Ranar Talata da hantsi ina tsugune a bayan ɗakin shan magani ina wanke kwalabe, sai ga maƙwabciyar Malam Hammadu ta shigo ko sallama babu. Ta ce, "Rahila, ka ajiye kwalban nan. Malam ya rasu da asuba." Ban ajiye ba. Sai da na ɗauraye su duka, na kife su a rana, sannan na zauna a ƙasa. Wata takwas ke nan rabona da gaishe shi, kuma da gangan na yi. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya karanta rubutuna ya ɗauke ni ɗaliba ta gari.

Malam Hammadu shi ya koyar da mu a aji bakwai a Lokuwa, cikin garin Mubi. Bafulatani ne Musulmi, ni kuwa 'yar Kirista ce, ubana manomi daga Kwaja, amma ban taɓa ganin wannan ya shiga tsakaninsa da jan bironsa ba. Idan ka ci arba'in da tara, arba'in da tara za ka gani, ko da kukanka zai cika mayo, wato kogi. Ran da ya makara, da hannunsa ya rubuta sunansa a littafin makararru, a ƙarƙashin namu. Yakan ce, "Takarda ba ta mantuwa, ku kula da abin da kuke gaya mata." Mukan kwaikwayi muryarsa a hanyar gida muna dariya.

Wata rana a gonar makaranta fartanya ta sare wata yarinya a ƙafa. Kowa ya watse, ni na yage bakin zanena na ɗaure mata. Da yamma Malam ya tura kekensa har ƙofar gidanmu, ya zauna a kan kututture, ya ce wa ubana, "Hannun 'yarka ba ya rawa. Ka bar ta ta koyi aikin jinya." Ubana ya ce shi bai san hanya ba. Malam ya ce sanin hanya nasa ne.

Sai da ya yi wata biyu yana haɗa jerin makarantun. Ya tambayi malaman asibiti, ya tambayi direbobin manyan motoci a tasha wace hanya ce ke yankewa da damina, ya rubuta wasiƙu yana neman bayani. Ya cire duk wadda ba ta da ɗakin kwanan 'yan mata. Ya cire wata da ake yabo sosai, don ya ji ɗalibanta sun fi yin shara a kan karatu. A ƙarshe biyar suka rage a kan falle ɗaya, mafi kusa da gida a sama saboda uwata ba ta da ƙoshin lafiya, mafi nisa a ƙasa. A gefen kowace ya rubuta abin da take buƙata da watan da take rufe karɓa. Ya ce kada in ƙwallafa rai a kan guda, mai neman ruwa ba ya dogara da rijiya ɗaya.

Abin da ya karya mu layi ɗaya ne a fom ɗin: wurin haihuwa. Ni 'yar fari ce, kuma a al'adarmu mace takan koma gidan iyayenta ta yi haihuwar fari. Gidan kakannina yana bayan dutse, tafiyar rabin yini daga Kwaja, amma a ɓangaren Kamaru. Kwana arba'in na yi a can aka goyo ni aka dawo. Lokacin ƙuri'ar raba gardama kan ko yankinmu ya bi Najeriya ko Kamaru, ubana da uwata duk sun jefa wa Najeriya, Malam kansa yana cikin masu nuna wa mutane akwati. Duk da haka ya tambayi uwata inda aka binne cibiyata, ya rubuta sunan ƙauyen, ya ƙara da Kamaru. Ya ce doka tana tare da mu tunda ubana ɗan nan ne, kuma ya haɗa da wasiƙar bayani.

Makaranta ta farko ta ce a kawo takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Muka yi ta zarya a wani ofis. Akawun da ke wurin ya dubi fom ɗin ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam, yarinyan nan ya rubuta Mubi kawai mana. Wa zai hau dutse ya duba?" Malam ya ce, "Wadda za ta riƙe allura kada ta fara da ƙarya." Daga ranar takardarmu ta shige ƙarƙashin wasu, kullum sai a ce mu dawo jibi, har aka rufe karɓa. Ta biyu ta ce 'yan ƙasa take ɗauka. Ta uku ko amsa ba ta ba mu ba. Duk wadda ta faɗi sai ya sa rula ya ja mata layi a tsanake, ya ce saura kaza. Shekara uku muka yi a haka.

Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Nasa ba ta huda ba, nawa ta huda. Ƙawata Saratu ita ma a bayan dutsen aka haife ta, kawunta ya rubuta Mubi, ba wanda ya hau dutse ya duba. Bara ta dawo da farar riga da hula, kuma kwalaben da take zuba magani su nake wankewa. Ran da amsar ta huɗu ta zo na je gidansa na tsaya a tsaye, ban ko durƙusa ba. Na ce, "Malam, kai ne mai gaskiya, ni ce mai biya. Da ka bar ni a gona da ya fi mini." Ya ce, "Saura ɗaya, 'yata." Na juya na fita. Tun daga nan na canza hanyar zuwa aiki don kada in bi ta ƙofarsa. Na ji yana ciwo, na ce zan je gobe. Saratu ce ta yi jinyarsa, kuma ta yi masa da kyau, ba zan hana ta hakkinta ba. Ya san abin da aka rubuta a fom ɗinta, bai taɓa gaya wa kowa ba.

A wurin zaman makoki na hango akawun nan a tabarmar gaba, ya fi kowa ɗaga murya. Yana cewa an yi rashin mutum mai gaskiya, irinsa sun ƙare. Jama'a suna ta gyaɗa kai. Yabon gaskiya ba shi da wuya idan mai ita ya kwanta dama.

Rana ta uku matarsa, wadda muke kira Dada, ta ja ni ɗaki ta miƙo mini ambulan. A ciki akwai fallen nan, ya yi laushi saboda ninki, huɗu an ja musu layi. Akwai kuma fom ɗin makaranta ta biyar, wadda bana ce shekarata ta ƙarshe kafin in wuce shekarun da take ɗauka. Ya cike komai da rubutunsa, amma rubutun ya karkace, hannun da bai taɓa sauka daga layi ba. Har kan sarki ya manna. Wurin haihuwa kaɗai ya bari fari. Dada ta ce, "Ya ce in gaya maka, wannan karon ka rubuta da hannunka, abin da ka ga dama. Ya ce ya ci maka shekara uku, ka yafe masa."

Na kai ambulan ɗin gidan waya da niyyar rubuta Mubi. Harafi huɗu ne, ba mai gani, wanda zai hana kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Na ɗora biro na fi minti goma. Hannuna da ya ce ba ya rawa, ranar ya yi. Da na ɗaga, sunan ƙauyen kakannina ne a wurin, da Kamaru a gefensa. Na jefa a akwati ina kuka, kuma ba kukan daɗi ba ne. Malam, ka cuce ni sau biyu: ka tsayar da ni a bakin ƙofa, sannan ka tafi ka bar mini halinka. Har yau amsa ba ta zo ba.

Na yafe maka, ko da yake ni ce ya kamata in zo in roƙa tun kana ji. Allah ya jiƙan Malam Hammadu, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya karɓe shi ba tare da an ce ya dawo jibi ba. Allah ya ba Dada haƙuri, ya raya 'ya'yansa, ya haɗa su da masu riƙe musu hanya kamar yadda ubansu ya riƙe wa 'ya'yan wasu. Ni kuma Allah ya yafe mini wata takwas ɗin nan. Amin.